Mataki na Bakwai

Kudan,
ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ɗana Malam Ƙarami, a Ikara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da gajiyar hanya da baƙunta. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa makarantar da aka tura ka ta karɓe ka, ya haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Iyalinka tana nan lafiya lau a wurinmu, ita da abin da take ɗauke da shi, Allah ya raba su lafiya.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Kwana huɗu ke nan da tafiyarka, babu abin da ya faru a Kudan da ya isa a ɓata masa takarda. Abin da ya zaunar da ni rubutu magana ɗaya ce da ka yi a zaure ranar da ka zo sallama. Ka ce gidan da aka ba ka yana gindin dutse, ɗakuna a sama, rijiya a ƙasa, tsakaninsu gangare ne mai zamewa. Ka ce kafin iyalinka ta iso za ka jera matakala ta dutse, "irin wadda Baba ya yi a gida". Sannan ka roƙi aron littafina na gine-gine mai jan bango da rular nan mai naɗewa. Na shiga na ɗauko na miƙa maka, na ce Allah ya taimaka. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar.

Kai ɗan fari ne, ka san yadda muke. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Ba na raina al'adar, amma wannan karon ta hana ni faɗin abin da ya wajaba in faɗa. A takarda kunyar ta fi sauƙi. Na shekara ashirin da biyu a maɗaba'a a Zariya ina farautar kurakuran wasu kafin a buga su. Yau nawa zan jera maka, yadda suka faru.

Matakalar da ka sani a bayan gidanmu, mai hawa goma sha uku, wadda ka girma kana tsalle a kanta, ba ita ce ta farko ba. Ta biyu ce, kuma ba ni na tsara ta ba. Ta farko hawa tara ce. Ita ce tawa. Da littafin da ke jakarka na yi ta, da rular da ke aljihunka.

Shekaruna a lokacin ba su wuce naka na yanzu ba. Ana cikin babban yaƙin Turawa, siminti ba ya samuwa ko a Zariya. Ina dawowa gida kan keke ranar Asabar, in koma Litinin da asuba. Kakanka ya yanka mini fili a bayan gidansa, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadamar rake, rijiya kuma tana can ƙasa cikin shinge. Mahaifiyarka tana hawa da sauka a gangaren nan da tulu a ka, safe da yamma. Na ga tana wahala, na ce zan yi mata matakala. Niyyata mai kyau ce, daidai irin taka. Ka lura da wannan, domin duk abin da zan faɗa nan gaba da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Akwai wani magini a Makarfi a zamanin, sunansa Bitrus, mutumin kudancin lardi ne da ya zo aikin gada ya zauna. A garinsu kan duwatsu ake noma, tun suna yara suke jera dutse su tare ƙasa. Ya biyo ta Kudan sayen mazarƙwaila, sai taubashina Ɗanladi, wanda kake ce wa Baba Ɗanladi, ya jawo shi ta ƙofar fadama ya ga wurin. Bitrus ya tsaya ya dubi gangaren, ya dubi indararon ɗakuna.

Ya ce, "Malam, yaushe za ka fara?"

Na ce gobe.

"A ranin nan?"

Na ce, "To, da damina ake gini?"

Ya ce, "Ba gini na ce ba. Ka bari ruwan farko ya sauka, ka fito ka tsaya a cikinsa ka ga inda yake bi. Ruwa yana da hanyarsa a gidan nan tun kafin a haifi kakanka."

Na buɗe masa littafin, na nuna masa zane da lambobi. Ya duba da kyau, ya ce, "Zanen ya yi kyau. Mai littafin nan ya taɓa zuwa Kudan?"

Ɗanladi ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Rabu da shi, Bitrus! Baturen gidanmu ne. Ko tuwo aka kawo masa sai ya duba shafi kafin ya sa hannu."

Dariyar nan ita ta yanke mini shawara, ba hankalina ba. Na ce a raina sai na nuna musu. Washegari na ɗauki diga, na bi layin da ya fi sauƙin haƙa, inda ƙasa ta ɗan lotsa. Ban tambayi kaina me ya lotsar da ita ba. Ruwan shekara da shekaru ne ya lotsar da ita. Na jera matakalata a tsakiyar hanyar ruwa. Da damina ta faɗi, ruwan indararo uku da na tsakar gida duka ya riƙa bi ta kanta yana ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsun.

Kai ka yi sa'a, damina tana bakin ƙofa. Kada ka sa diga a ƙasa sai an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya. Ka cire takalmi ka fita cikinsa, ka kafa turaku inda ka ga yana gudu. Matakala ta bi gefe, ruwa ya bi hanyarsa, ka haƙa masa lambatu ka shimfiɗa ƙananan duwatsu a ciki. Kuma idan wani dattijo a Ikara ya leƙo ya ce maka wani abu, ko da da dariya ya faɗa, ka ajiye dariyar gefe ka saurari maganar. Yanzu da ƙasa ta dawo hannunmu, ku masu takardar shaida ake turawa ko'ina, in kun buɗe baki kowa ya yi shiru. Shirun nan ba ya nufin kun fi su sanin ƙasarsu.

Duwatsun kuwa daga rafi na sa aka kwaso mini su a kan jakai. Na zaɓi masu sulɓi, masu sheƙi, waɗanda ruwa ya goge ya gyara. A rani abin sha'awa ne, mutane har leƙowa suke su gani. Amma dutsen rafi ba shi da fuska a kwance, bayansa a dunƙule yake, ba ya zama daram. Da ya sha ruwa kwana uku sai gansakuka ta rufe shi, ya koma kamar an shafa masa kuɓewa. Ku a Ikara dutse a ƙofar gida yake. Ka nemi masu fasa shi su ba ka fasasshe, mai kauri, mai kaushi, wanda mutum biyu ke ɗauka da nishi. In ka shafa shi da tafin hannu ka ji daɗi, mayar da shi. Wanda ya karce ka shi ne naka, kuma fuskar mai kaushin ita za ta kalli sama.

Yanzu na zo kan wanda ya fi mini nauyi. Ka karanta a hankali.

Daga sama na fara jerawa, daga bakin ɗaki, domin nan ake gani, ina son a ga aiki yana ci. Littafin ya ce tsayin kowane mataki inci bakwai, ni kuma na bi shi sau da ƙafa. Ban auna zurfin gangaren duka na raba shi kafin in fara ba. Na ɗaya, na biyu, har na shida, kowanne inci bakwai cif. Da na kusa isa ƙasa, saura uku, sai na ga lissafi bai fita ba, an sami rarar inci biyu da ba su da wurin zama. Gyaran gaskiya shi ne in tone duka in sake. Ranar Lahadi ce da la'asar, gobe aiki, bayana yana ciwo, Ɗanladi kuma yana zaune kan katanga yana shan rake yana jira in gaza. Sai na zuba rarar duka a mataki na bakwai. Ya zama inci tara. Dutsen bai zauna daidai ba, na cusa masa ɗan ƙaramin dutse a ƙarƙashi, na liƙe da laka.

Ba rashin sani ba ne. Na gani. Ni da ake biya albashi don in kama ɗigon da ya ɓata a shafi, ni da na taɓa sa aka tsayar da injin saboda harafi ɗaya ya juye, na dubi inci biyu a bayan gidana na ce babu mai lura. Ido ba ya lura, gaskiya ne. Ƙafa ce ke lura. In ta taka biyu iri ɗaya sai ta yarda sauran ma haka suke, ta daina tambaya.

Saboda haka kafin ka taɓa dutse ko ɗaya, ka kafa doguwar sanda a ƙasan gangaren, ka ja igiya a miƙe daga bakin ɗaki zuwa jikinta, ka auna zurfin duka, ka raba shi daidai. In bai rabu ba ka ƙara mataki, kada ka ƙara tsayi. Daga ƙasa ake farawa. Dutsen farko shi ne mafi girma, ka haƙa har ka tarar da ƙasa mai tauri, ka zuba tsakuwa ka daɓe ta sosai, ka binne fiye da rabinsa. Kowane dutse na gaba ya hau bayan na ƙasansa da faɗin tafin hannu, nauyin wannan ya danne wancan. In ka ajiye dutse, ka ɗora kwano da ruwa a kansa. Ruwan ya ɗan karkata gaba kaɗan, kamar kaurin yatsa, don kada ruwan sama ya kwanta. Sannan ka hau kansa da ƙafa biyu ka yi rawa. In ya motsa ko ƙanƙani, ɗaga shi ka sake gyara mazauninsa. Kada ka cusa masa komai. Abin da ka cusa damina za ta zare shi.

Sati biyu da gamawa, ina cin tuwo mahaifiyarka ta durƙusa daga gefe, ta ce, "Malam, matakin nan na bakwai ya yi mini tsawo. In na ɗauko ruwa zane yana kama ni."

Ka san ta, ba mai yawan magana ba ce, a shekarun nan ma ta fi haka. Kafin ta furta wannan sai da ta yi kwanaki tana juya shi. Ka san amsar da na ba ta? Na ce, "Na auna." Kalma biyu. Na faɗe su da muryar da nake yi wa masu jera haruffa magana in sun yi mini gardama. Ta ce, "To, Malam." Ba ta sake ɗaga zancen ba.

Na auna ɗin, amma da me? Da ƙafar namiji mai wando, wanda hannunsa ke sake, idonsa na ƙasa. Mai littafin ma don irina ya rubuta. Mace mai ɗaure da zane takunta gajere ne, zanen ba ya barin gwiwa ta ɗaga yadda take so. In tulu na kanta ba ta iya sunkuyawa ta dubi ƙafarta, wuyanta a miƙe yake, hannu ɗaya na sama. In kuma tana da juna biyu, ko ta so dubawa ba za ta hango yatsunta ba. Ni ban taɓa ɗora gammo a kaina ba, amma ni na yanke yadda mai gammo za ta taka.

Kana Hunkuyi wajen kakarka a lokacin, tun da aka yaye ka ba ka dawo ba. Mahaifiyarka tana da cikin wata shida. Tsakiyar damina ce, ranar Lahadi, an yi ruwa da asuba ya ɗauke. Ina zaure da hantsi ina duba wasu shafuka da na zo da su daga wurin aiki. Sai na ji fashewar tulu. Ban ji ihu ba, tulun kawai. Har na ce a raina an yi asarar tulu. Sai da na ƙarasa layin da nake kai kafin in tashi. Wannan ma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na tarar da ita a gindin matakala, ƙafarta ta hagu a karkace ƙarƙashinta, zanenta jiƙe. Dutsen na bakwai ya tuntsura gefe, ɗan abin da na cusa masa yana can cikin laka. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Malam, yi haƙuri, na fasa tulun."

Aka kira maɗori daga garin Taba, aka kira ungozoma. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma bai kama daidai ba. Ɗingishin da ka taso ka gan ta da shi ke nan. Cikin kuwa bai kai la'asar ba. Mace ce. Da tana raye da ita ce za ta raka iyalinka Ikara.

Mutane suka yi ta zuwa jaje. Wasu suka ce ƙaddara, wasu tsofaffi suka ce iskokin fadama ne, aka yi ta turare. Kowa ya tausaya mini. Ni kuma na zauna a zaure ina karɓar tausayin, ina cewa haka Allah ya so. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da izininsa. Amma Allah bai sa ni zuba inci biyu a mataki ɗaya ba, gajiya da girman kai suka sa ni. Na ɓuya a bayan kalmar ƙaddara shekara ashirin da uku. Kai ma abin da aka gaya maka shi ne ta zame a bakin rijiya. Ka yarda da ƙaddara, ɗana, amma kada ka taɓa yin mayafi da ita ka rufe aikin hannunka.

Mutum ɗaya ne bai yi mini jaje irin nasu ba. Da kaka ta yi na hau keke na tafi Makarfi na sami Bitrus. Ban san yadda zan fara ba, na tsaya ina gaisuwa har sau uku. Ya ce, "Na ji, Malam. Sannu. Ranar Asabar ina zuwa." Bai ce ai na gaya maka ba, har ya bar ƙasar nan bai faɗa ba.

Da ya zo bai tambayi rula ba. Ya ce a roƙi matan gida, ƙanwata da matar wana, su ɗauki tulu su yi tafiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, mu maza mu kauce. Da suka shige muka dawo, ya karya karan dawa ya auna sawunsu. Ya ce a tambaye su wane dutse a gidan suke hawa ba tare da sun kama zane ba. Suka nuna dutsen bakin madafi. Ya karya wani karan daidai tsayinsa. Da na faki idonsa na gwada da rulata, inci biyar ne. Da kara biyun nan ya jera hawa goma sha uku, ya bar fili a tsakiya inda mutum zai tsaya ya gyara tulu ya huta. Faɗinta kuma ya ce sai ya ɗauki mace da yaron da ke riƙe da zanenta.

Da aka gama ya ce, "Saura gwaji. Malam, ɗaura zane."

Na ce, "Wane zane?"

Ya ce, "Na mata. Ka ɗaura shi yadda suke ɗaurawa, ka cika tulu, mu kwara ruwa a duwatsun, ka hau ka sauka sau bakwai. Kada ka dubi ƙasa."

Ɗanladi yana kan katanga kamar kullum. Na ɗaura zanen, na ɗora gammo. Ya ce, "La'ilaha! Jama'a ku zo, amarya ta fito! Bature, ina lallen? Sadaki nawa za mu biya?" Yara suka hau bishiya, mata suna leƙe ta jikin zana. Har yau in ya ga na yi shiga ta Juma'a sai ya ce zanen ya fi karɓata. Amma ina gaya maka, a hawa na farko, da tulu yana danna wuyana, zane yana sarƙe gwiwata, ban ga komai ba sai sama da katanga, a nan na san abin da mahaifiyarka ta gaya mini a gaban tuwo. Ɗanladi ma da ya ga fuskata sai ya bar dariyar, ya sauko ya karɓi tulun.

Kai ma sai ka yi wannan gwajin. Na san kai malamin makaranta ne, kana da girman da kake karewa a sabon gari. Rufe ƙofa ka yi, ko ka bar ta a buɗe su yi dariya, ba ta kashe kowa. Kada ka ce ai wata biyu kawai za ta yi a can kafin ta tafi goyon ciki gidansu. Wata biyun nan su ne tsakiyar ruwa, kuma su ne lokacin da nauyinta zai fi yawa. In ta dawo ma da goyo a baya za ta dawo. Sannan in ta ce maka wani abu game da matakalar, ko game da wani abu dabam a gidan, ka tuna sau ɗaya za ta faɗa, a hankali, kanta a sunkuye. 'Yar mutane ce mai kunya, na lura da ita. In ka ba ta amsa irin tawa ba za ka sake ji ba.

Jiya da safe na kasa daurewa. Na sami mahaifiyarka tana tsince wake a inuwar rumbu, na zauna kan turmi, abin da ban saba ba. Na gaya mata ka tafi da littafin. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai.

Ta ce, "Mai jan bangon?"

Na ce shi.

Ta ce, "Kai ka ba shi, Malam?"

Na ce ni na ba shi. Daga nan na gaya mata abin da na rubuta maka a sama, rarar inci biyu, da dutsen da na cusa, da cewa na gani na ƙyale. Ina tsammanin sabon labari nake ba ta. Ta ce, "Ai ina tsaye a ƙofar madafi ranar da ka cusa shi." Shekara ashirin da uku tana sane, tana dafa mini tuwo, tana ji ina ce wa baƙi ta zame a bakin rijiya. Na nemi gafararta. Ta ce ta daɗe da yafewa, tun ranar da ta leƙo ta gan ni da zanenta mai ruwan bula. Ta ce, "Ko ɗaurin ma ba ka iya ba." Ta ɗan yi dariya, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

Sai ta miƙe ta ɗingisa zuwa dangar kara, ta zaro biyu, ta je matakala ta gwada ta karya. Su ne za ka gani ɗaure da zare a jikin wannan takarda. Gajeren tsayin mataki ne, dogon kuma wurin da ƙafa za ta zauna. Ta ce in gaya maka littafin ka sa shi ƙarƙashin akwati ya tare maka gara.

Ta ƙara da wata magana, kuma ba shawara take nema ba. Na yi niyyar in sa iyalinka a motar ranar kasuwar Makarfi mai zuwa tare da gwaggonka. Mahaifiyarka ta ce a'a. Yarinyar ba za ta bar Kudan ba sai ka aiko cewa ka gama, an yi ruwa biyu a kan aikin, babu dutsen da ya motsa. Ranar kuma ita da kanta za ta raka ta. Ka san rabonta da shiga mota tun rasuwar kakarka. Na ce hanyar Ikara da damina ba ta mai ciwon ƙafa ba ce. Ta ce, "Ƙafar ce za ta je aiki." Ta ce kafin yarinyar ta taka ko mataki ɗaya, ita za ta sauka rijiya ta cika tulu ta hawo da shi. In ƙafarta ta hagu ta yarda da matakalarka, kowace ƙafa za ta yarda.

Na yi ƙoƙarin hana ta, ta dube ni ta ce, "Malam, na auna."

To, ka ji wadda za ta fara taka aikinka. Ba ni da sauran abin da zan ƙara a kan wannan. Kada ka yi sauri. In ka gaji da la'asar kuma lissafi bai fita ba, ajiye diga ka tafi masallaci, gobe ka tone ka sake.

Ka aiko amsa ta hannun mai kawo maka wannan, ko layi biyu ne, in san ta same ka kafin ka fara haƙa. Har sai na ga rubutunka hankalina ba zai kwanta ba. Allah ya tsare ka daga gaggawa da girman kai, ya tsare iyalinka da abin da ke cikinta, ya tsare ƙafar mahaifiyarka a hawa da sauka. Allah ya sa mu ji alheri daga Ikara, ya nuna mana ranar suna muna masu rai da lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.